Babi na Bakwai: Waƙar da Ba Ta Korar Kowa

A wani babban ɗakin taro na otal, da maraice bayan an tashi daga aiki, akan tara mata kimanin ɗari. Ba su san juna ba, ba a kuma gaya musu gidan rediyon da ya ɗauki nauyin zaman ba. Ta waya aka zaɓo su, bayan an tabbatar shekarunsu sun faɗa tsakanin talatin da hamsin. Kowace a miƙa mata takarda da fensir, ko wata 'yar na'ura mai abin murɗawa. Sai a fara sako musu waƙoƙi, amma ba cikakku ba: daƙiƙa bakwai ko takwas na amshin kowace waƙa, daidai inda ta fi kama kunne, sai a datse a sako ta gaba. Cikin awa biyu da 'yan kai sun ji gutsattsarin waƙoƙi ɗari biyar ko shida. A kan kowace ana son amsar abu uku: kin san ta? Kina son ta? Ta ishe ki? In an gama a ba kowace ɗan hasafi, ta kama hanyar gida.

Daga irin wannan zama ake fitar da jerin waƙoƙin tashoshin da Amurkawa ke kira Adult Contemporary, ko AC a taƙaice, wato tashoshin waƙoƙin zamani masu taushi da aka tanada domin manya. Tambaya ta ukun nan kuwa ita ce mai yanke hukunci. Waƙar da rabin ɗakin ke mutuwar so, amma wasu da dama suka ce ba sa ko son jin duriyarta, da wuya ta samu shiga. Wadda kowa ya sani, ba wadda ta yi tsalle a kanta, ba kuma wadda ta yamutsa fuska, ita ake nema ruwa a jallo. Shugaban shirye-shiryen irin wannan tasha bai cika kwana da tunanin yadda zai burge mai sauraro ba. Fargabarsa ɗaya ce: yatsan da zai kai ga maɓallin canza tasha. Sana'arsa ta yi kama da ta mai tuwon sayarwa a tashar mota, wadda ke rage yaji a miya domin kowane irin matafiyi ya iya ci.

A babin da ya gabata mun ga yadda Todd Storz a Omaha da Gordon McLendon a Dallas suka kafa tsarin Top 40 a shekarun 1950, aka mayar da rediyo dandalin samari da 'yan mata masu son Elvis Presley. To, iyayen yaran nan fa? Su ne masu albashi, su ke sayen mota da firji, kuma hayaniyar jita da ganga ba ta yi musu ba. Ranar 17 ga Yuli, 1961, mujallar Billboard ta buɗe musu nasu jadawalin, ta kira shi Easy Listening, kuma Brook Benton ne ya fara hawa kansa. A shekarun farko ba wani dogon bincike a ciki: babban jadawalin Hot 100 ake ɗauka, a tsame masu hayaniya, abin da ya rage shi ke nan. Tun daga haihuwarsa, ke nan, da abin da aka cire ake gane wannan nau'i fiye da abin da aka zuba.

Abin da ya ba shi gida na kansa wata doka ce. A lokacin zangon FM kango ne. Masu gidajen AM sun riƙe lasisinsa, suna maimaita shirye-shiryensu a kai, ba mai saurare. A 1961 hukumar kula da sadarwa ta Amurka, FCC, ta amince da watsa sauti mai fita ta lasifika biyu a FM. A 1964 kuma ta yi dokar da ta soma aiki a 1967, cewa a biranen da suka haura mutum 100,000 ba a yarda tashar FM ta maimaita fiye da rabin abin da 'yar'uwarta ta AM ke yi ba. Nan take masu gidajen suka shiga neman abin cike awanni, mai arha, wanda ba ya buƙatar ma'aikata da yawa.

Wani mutum mai suna Jim Schulke ya sayar musu da amsa. Kamfaninsa kan naɗi kiɗa a manyan faya-fayan tef ya aika wa tashoshi ta gidan waya, ma'aikaci ya ɗora a na'ura ya koma ya zauna. Kiɗan kuwa na makaɗa irin su Mantovani da Percy Faith ne: gogen Turawa masu yawa suna tafiya tare a hankali, suna maimaita karin sanannun waƙoƙi, akasari ba muryar mawaƙi. Schulke mutum ne mai tsauri. Kowane rubu'in awa a shirye yake zuwa, kiɗa na bin kiɗa ba tare da wani ya fi na gabansa kuzari da yawa ba; talla ƙidayayye ne; mai gabatarwa ya faɗi sunan tasha da lokaci ya ja bakinsa. Idan ba a samu irin kiɗan da yake so a kasuwa ba, sai ya sa makaɗa a Ingila su naɗa masa. Kamfanin Bonneville, ƙarƙashin Marlin Taylor, ya yi gogayya da shi a wannan fage. Aka kira tsarin Beautiful Music, kuma a shekarun 1970 a birane da yawa shi ne kan gaba. Masu zolaya suna ce masa kiɗan lif, suna haɗa shi da Muzak, kamfanin da tun 1934 yake tura kiɗa zuwa shaguna da masana'antu ta waya.

Ba rashin masu sauraro ne ya kashe shi ba. Har ya mutu yana da jama'a. Jama'ar ce ta tsufa. Kamfanonin talla a Amurka sun daɗe da tsayar da idonsu kan 'yan shekara 25 zuwa 54, musamman mata, bisa hujjar cewa su ke yanke shawarar cefanen gida kuma ba su riga sun kafe kan sabulu ko mota iri ɗaya ba. Wanda ya cika 55 ya fita daga lissafi, ko da ya fi kowa kuɗi a unguwar. Matar da ta so Mantovani tana da shekara 40 a 1965 ta kai 60 a 1985. Tasha na iya zama ta ɗaya a gari, amma a ofishin talla a ce mata ba a buƙata. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa ajiye gogen, suna ɗaukar muryoyi.

Muryoyin kuwa suna nan suna jira. Carpenters, Barbra Streisand, Neil Diamond, Barry Manilow, Anne Murray, daga baya Air Supply, Kenny Rogers da Lionel Richie: waƙoƙin zamani ne, amma ba mai ihu. A Afrilun 1979 Billboard ta sauya wa jadawalin suna zuwa Adult Contemporary, daidai lokacin da masu sauraron FM suka zarce na AM a ƙasar. A Nuwamban 1982 tashar KOST ta Los Angeles ta bar tef ɗin goge ta koma waƙoƙi masu taushi, ƙarƙashin Jhani Kaye. A Janairun 1984 wata tashar New York da ke fama da kiɗan karkarar Amurka ba riba ta zama WLTW, ta kira kanta Lite FM, ta kuma yi shekaru tana cikin tashoshin da suka fi kowa jama'a da kuɗin talla a ƙasar baki ɗaya. (Mai karatun da ya yi sauraron FM da dare a Kano ko Kaduna ya san muryoyin nan, Lionel Richie da Celine Dion sun iso mu ta kaset da rediyo ba tare da tambarin AC a jikinsu ba.)

Baƙaƙen fatar Amurka sun bi tasu hanyar. A 1976, a tashar WHUR ta Jami'ar Howard da ke Washington, wani ɗalibi mai suna Melvin Lindsey ya soma shirin dare na waƙoƙin soyayya masu sanyi, shugabarsa Cathy Hughes ta raɗa wa shirin suna Quiet Storm, daga sunan wani faifan Smokey Robinson. Daga nan reshen AC na baƙaƙen fata ya samo asali. Rabuwar ta ci gaba har yau, kuma ba kunne kaɗai ya raba ba.

Yanzu batun sunaye, wanda ya fi yadda ake zato muhimmanci. Shekara da shekaru kamfanin Arbitron da ɗan littafi yake auna masu sauraro. A aika wa gidajen da aka zaɓa, kowa ya rubuta tashar da ya saurara da lokacin, daga Alhamis zuwa Laraba, ya mayar. Wanda ya saurari minti biyar a cikin rubu'in awa, an ba tasha rubu'in gaba ɗaya. Amma mutane ba sa yawo da littafin. Da dare suke zama su cike, wasu sai ranar ƙarshe, daga abin da suka iya tunawa. Saboda haka abin da ake aunawa a zahiri shi ne sunan da ya zauna a ka. Haruffa huɗu irin WLTW ba sa zama. Kalma ɗaya mai daɗin faɗa kuwa tana zama. Tun 1975 WMGK ta Philadelphia ta kira kanta Magic, wasu suka bi da Lite, Sunny, Warm, Coast, sunaye masu nuni da sauƙi, ɗumi, hasken rana da iskar bakin teku. Bayan kowace waƙa sai an ambaci sunan, cikin murya mai laushi, ba don mai sauraro bai san inda yake ba, sai don daren Laraba.

Kuma sunan alkawari ne ga mutum na musamman: wadda ke riƙe da akwatin rediyon ofis. A asibitin haƙori, ko banki, ko shagon gyaran gashi, rediyo ɗaya ne, kunnuwa goma. Wadda ta kunna ba ta son maigidan ya leƙo ya ce a rage, ba ta son abokin ciniki ya ji kalmar batsa. Tashar AC ta yi mata alkawarin ba za ta kunyata ta ba, ita kuma ta bar ta a kunne daga tara na safe zuwa biyar na yamma. Awa takwas a littafin Arbitron dukiya ce. Shi ya sa taken da waɗannan tashoshi suka fi maimaitawa shi ne cewa su ne tashar da kowa zai amince da ita a wurin aiki. Da dare kuma, in ofis ya watse, sai a koma gaishe-gaishen masoya. KOST na da nata shirin da Karen Sharp ta daɗe tana gabatarwa; Delilah, wadda aka soma yaɗa shirinta a faɗin ƙasar a 1996, tana karɓar waya daga matar sojan da ke bakin daga ko mijin da ke neman afuwa, ta saurara, ta zaɓa musu waƙa.

A nan ne abin ya fi ba ni sha'awa. Sunan tasha bai sauya ba, taken bai sauya ba, amma ka ɗauki jerin waƙoƙin Lite FM na 1984 ka aza gefen na yau, da ƙyar ka sami abin da ya haɗa su. Dalili lissafi ne mai sauƙi. Tashar ba ta bin mutum. Shekaru take bi. Kullum tana magana ne da mace 'yar shekara arba'in, kuma 'yar arba'in ɗin kullum sabuwa ce. Ta 1984 an haife ta a 1944, ta yi 'yanmatancinta kafin Beatles su iso Amurka. Ta 2004 an haife ta a 1964, ta tashi da Michael Jackson, Madonna da Journey. Ta 2024 an haife ta a 1984, tana da shekara goma sha shida lokacin da Britney Spears da Backstreet Boys ke tashe. Kowace kuma waƙar ƙuruciyarta ce ke kwantar mata da hankali, komai ƙarar gangar da ke ciki. Bon Jovi, waɗanda a 1986 ba tashar taushi da za ta taɓa su da dogon kara, yau suna fita da ƙarfe goma na safe a ɗakin jiran likita, ba wanda ya ɗaga kai. Barry Manilow kuwa, wanda a kansa aka gina gidan, tuni aka tattara masa kayansa. Duk shekara ana yanke 'yan waƙoƙi daga tsohon gefe, a ɗosana wasu a sabon gefe, a hankali yadda mai sauraro ba zai farga ba sai ranar da ya ji tashar ta daina yi masa daɗi. Ranar nan ya kai 55.

Yadda ake juya waƙoƙin ma abin dubawa ne. Tun 1979 akwai manhajar kwamfuta mai suna Selector, ta kamfanin RCS, wadda ke tsara jerin kowace awa bisa ƙa'idojin da aka ba ta: kar mawaƙi ɗaya ya dawo kafin wani lokaci, kar waƙoƙi masu jan jiki su jeru, kar wadda aka sa da ƙarfe takwas jiya ta sake faɗowa ƙarfe takwas yau. Taskar gaba ɗaya 'yan ɗaruruwa ce, sababbi a ciki ba su taka kara sun karya ba. Sabuwar ma sai ta yi watanni tana yawo a tashoshin matasa, ta zama sananniya har a kasuwa, sannan AC ta buɗe mata ƙofa. In ta shiga kuwa ba ta fita da wuri. A 1968 Paul Mauriat ya yi mako 11 a saman jadawalin, aka yi shekara ashirin da biyar ba a karya ba. A 1996 Celine Dion ta yi 19. Uncle Kracker ya yi 28 tsakanin 2003 da 2004, Maroon 5 suka yi 36 daga ƙarshen 2018, sannan "Flowers" ta Miley Cyrus ta haura shekara guda cur a sama. Ba wai waƙoƙin yau sun ninka na da daɗi ba ne. Tun 1993 na'ura ke ƙidaya wa Billboard abin da tashoshin suka sa a zahiri, sannan dokar sadarwa ta 1996 ta cire iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai mallaka a ƙasar, har Clear Channel, wanda ya zama iHeartMedia a 2014, ya tara kusan 1,200. Hannaye kaɗan ke zaɓe, da bincike iri ɗaya, kuma duk tsoronsu ɗaya.

Ni a ganina nan ne tsarin ya fi yin ɓarna. Yana iya auna ƙosawa daidai wa daida, amma ba shi da ma'aunin waƙar da sai an ji ta sau biyar take shiga rai. Sabon mawaƙin da ya rubuta waƙa domin 'yar arba'in ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Dole ya fara burge 'yarta. Sai jefi-jefi ake samun irin Norah Jones, Michael Bublé ko Adele, waɗanda manya suka runguma da kansu. Ba kuma zan raina gwanintar ba. Riƙe kunnen mutum awa takwas ba tare da ka gundure shi ko ka firgita shi ba aiki ne, kuma masu yi wa tashoshin nan dariya da yawansu a can suke fakewa in kai ya ɗau zafi.

A 2007 Arbitron ya soma maye gurbin ɗan littafin nan a manyan birane da wata na'ura da ake maƙalawa a ɗamara, PPM, wadda ke jin wata ɓoyayyiyar alama a cikin sautin kowace tasha ta rubuta da kanta. Philadelphia da Houston aka fara. Abin da ta tona ya girgiza masu sana'ar: mutane sun fi yawan sauya tasha fiye da yadda suke rubutawa, dogon surutu na korar su, waƙa mai jan jiki ma haka. Tashoshin jaz mai laushi, 'yan'uwan AC na kusa, suka riƙa rufewa. Ta New York ta tafi a 2008. Tashoshin AC suka ƙara wa waƙoƙinsu kuzari, kalmar taushi ta zama abin gudu. A Janairun 2007 kamfanin CBS ya buɗe wata kishiya a New York mai suna Fresh, tana zolayar Lite a fili a matsayin tashar tsofaffin waƙoƙi masu sa hamma. A Chicago, WLIT ta ajiye sunan Lite a 2013 ta koma My FM. Sunan da aka ƙirƙira a shekarun 1980 don a nuna an rabu da gogen iyaye, shi ma ya zama na iyaye.

Mako shida ko bakwai ne kaɗai a shekara ba a jin kunyar tsufa. Tun wajen 1990 tashar KESZ ta Phoenix ta gwada ajiye komai ta koma waƙoƙin Kirsimeti zalla, kuma bayan 2001 abin ya bazu ko'ina. Daga farkon Nuwamba zuwa 25 ga Disamba, Bing Crosby, Nat King Cole, Andy Williams da Carpenters, waɗanda aka kora tun da daɗewa, sai su dawo su mamaye tashar, jama'a kuma su yi dafifi. A birane da yawa nan ne tashar AC ke samun mafi yawan masu sauraro a shekara. Da tsohuwar zuma ake magani. Brenda Lee ta naɗi tata waƙar Kirsimeti a 1958 tana yarinya, ba ta hau saman Hot 100 da ita ba sai a 2023, tana da shekara 78.

Da manyan tashoshin suka yi gaba, sai suka bar fili a baya: Lionel Richie, Air Supply, Whitney Houston, Phil Collins, ba mai sa su. Tashar WDUV ta Tampa, a Florida inda masu ritaya suka yi yawa, ba ta taɓa barin filin ba, kuma ta daɗe tana kan gaba a garin. A 2016 iHeartMedia ya mayar da KISQ ta San Francisco tashar taushi da sunan The Breeze, ta karɓu. Seattle ta bi a ƙarshen 2017 da The Sound, Chicago ta dawo da sunanta na Lite, kuma a Nuwamban 2018 aka buɗe wasu Breeze ɗin a Detroit da Philadelphia. Kalmar taushi, wadda aka shekara goma ana ɓoyewa, ta dawo kan allunan talla. Masu sana'ar suka ce mutane sun gaji da hayaniyar siyasa da ta waya. Wataƙila. Akwai kuma jerin waƙoƙin kwantar da hankali na Spotify da makamantansa, waɗanda suka nuna cewa har matasa na neman abin da za su kunna su manta da shi, suka kuma kwashe wani kaso na ofisoshin da a da rediyo ɗaya ke yi wa hidima, tunda yanzu kowa da abin jinsa a kunne.

Amma ofishin talla bai sauya lissafinsa ba. Wadda ta yi 'yanmatanci da Air Supply a 1981 ta riga ta tsallake 55 ko tana bakin tsallakewa lokacin da aka buɗe mata tashar. Ta San Francisco ta rayu. Ta Detroit shekara biyu ta yi, a Nuwamban 2020 aka mayar da ita tashar kiɗan rok na matasa. Ta Philadelphia ta kai Maris ɗin 2022, sannan aka ba masu jin Sifaniyanci zangon. Haka ma WPAT-FM, babbar tashar goge ta yankin New York, ta ƙare a 1996: ita ma masu Sifaniyanci suka gaje ta.